Kwana Takwas a Bakin Kogin Rayin da Jaka a Baya

Mu biyu ne muka haɗa kai muka rubuta wannan labari, maigida da uwargida. Inda ɗaya ya manta, ɗaya ya tuna masa. Inda ɗaya ya so ya ɓoye laifinsa, ɗaya ya ƙi. Saboda haka in kun ji an ce maigida ya yi kaza, ku sani da yardarsa aka rubuta.

A shekarar 2023 aka aiki maigida ƙasar Jamus kwas na wata shida a kan gyaran na'urorin asibiti. Uwargida ta zauna a gida da yara uku. Da kwas ya kusa ƙarewa muka yi shawara ta waya, cewa ta zo mu ɗan zaga ƙasar, sa'an nan mu koma gida tare. Shekara goma sha huɗu ke nan da aurenmu, ba mu taɓa yin tafiya mu biyu kaɗai ba, sai ta biki ko ta gaisuwar mutuwa. Kakar yara ta yarda ta riƙe su. Biza ta fito. Bayan kuɗin jirgin sama, abin da ya rage a hannunmu yuro 900 ne, watau abin da maigida ya tara daga kuɗin abincinsa. In a otal za a kwana, a kuma ci a gidan abinci, wannan kuɗi ba ya kai mutum biyu ko'ina a Jamus.

Wani abokin karatun maigida ya ce masa, “Ku yi irin tafiyar 'yan makarantarmu. Ku goya jaka a baya, ku shiga ƙananan jiragen ƙasa, ku kwana a masaukin matasa.” Maigida ya ce, “Mu da muka wuce shekara arba'in?” Ya ce, “Sunan ne kawai na matasa. Har masu furfura suna kwana.”

SHIRIN TAFIYA

Abu na fari shi ne tikiti. A watan Mayu na 2023 aka fito da wani tikiti na wata guda a kan yuro 49, wanda mutum zai shiga ƙananan jiragen ƙasa da bas-bas na cikin gari a duk faɗin Jamus da shi. An ƙara kuɗin zuwa yuro 58 a 2025, sa'an nan 63 a 2026. Yana da sharaɗi biyu. Ba a shiga manyan jirage masu gudu da shi. Kuma yana sabunta kansa kowane wata, sai mutum ya soke shi kafin ranar 10 ga wata ta wuce, in ba haka ba a cire masa kuɗin wata mai zuwa. Muka sayi biyu na watan Satumba.

Abu na biyu shi ne katin ƙungiya. Masaukan matasa na Jamus wajen 400 ne a ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, ba a kuwa ba mutum gado sai da kati. Kati ɗaya na iyali ya ishe mu.

Abu na uku shi ne kaya. Da muka ɗora jakunkuna a kan sikeli, ta maigida kilo 16, ta uwargida kilo 14. Shi ya sa kwat da takalma biyu da littattafai huɗu. Ita ta sa zannuwa shida da dutsen guga. Muka zazzage su a ƙasa muna dariyar juna, muka rage har kowace ta koma kilo 9. Sauran muka bari a wurin abokin nan. Abin da uwargida ta ƙi bari shi ne yaji da ƙuli-ƙuli da ta zo da su daga gida. Kilishi kam ba ta kawo ba, gama dokar ƙasashen Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje.

Maigida ya sayi ɗan littafin rubutu, ya ja layi, ya raba kuɗin kwana-kwana. Shi ne ma'aji. Ku riƙe zancen littafin nan, za mu komo gare shi.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Ranar Talata muka fara da wani ƙaramin gari, Altena, domin a nan aka kafa masaukin matasa na farko a duniya. Wani malamin makaranta ne, Richard Schirrmann, ya ƙago shi. Ya kan fita da 'yan ajinsa yawon ƙafa na kwanaki, domin yaran birni su ga daji su sha iska. A watan Agusta na 1909 hadari ya kama su a hanya, suka rasa wurin kwana, sai a wata makarantar ƙauye suka fake. A daren nan ya yi tunani cewa ya kamata a sami masauki mai araha a kowane zango, yadda yaron talaka ma zai iya tafiya. A 1912 aka ba shi ɗakuna a tsohuwar fada mai ganuwa da ke kan dutsen garin.

Ɗakunan suna nan, an mai da su wurin tarihi. Muka ga gadajen katako masu nauyi, hawa bisa hawa. Uwargida ta ce, “Ashe ɗakin kwananmu na makarantar 'yan mata ne aka kawo Turai.”

Ga yadda irin masaukin nan yake a yau. Ka nuna kati, a ba ka mabuɗi da zanen gado, kai za ka shimfiɗa da kanka. Da safe ka yaye zanen ka kai inda ake tarawa. Tawul naka ne za ka zo da shi. Karin kumallo yana cikin kuɗin kwana: burodi, man shanu, cuku, yankakken nama, shayi da kofi. Wanda ba ya cin naman alade sai ya tambaya, za a nuna masa. In ka gama ci, ka kwashe kwanukanka, ka goge tebur. Babu mai yi wa wani aiki.

Gado mafi araha shi ne na ɗakin taro, maza daban, mata daban. Akwai ɗakin mutum biyu, amma da ƙarin kuɗi. Maigida ya duba littafinsa ya ce ɗakin taro za mu kama. Muka yi addu'ar dare a tsaye a bakin matakala, kowa ya nufi ɗakinsa.

KOLON

Kashegari muka isa Kolon, babban birni a bakin kogin Rayin. Da fitowarka daga tasha, sai ka ga babbar majami'ar garin ta tsaya a gabanka, baƙa, ta tokare sama. An aza harsashinta a 1248, aiki ya tsaya shekaru ɗaruruwa, ba a gama ba sai 1880. Tsawon hasumiyoyinta mita 157 ne. Muka biya muka hau matakala 533. Wanda ya aza dutsen fari bai ga rufinta ba, jikokin jikokinsa ma ba su gani ba.

A nan muka sauka a wani masauki na 'yan kasuwa, ba na ƙungiya ba. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ce akwai gado biyu a ɗaki mai mutum takwas, maza da mata haɗe, shi ne kuwa mafi araha. Muka dubi juna. A wurinsu wannan ba kome ba ne, kowa ya shiga bargonsa ya yi barci. Mu kuwa ba mu tashi da haka ba. Uwargida ta sami gado a ɗakin mata zalla, maigida ya shiga ɗakin takwas ɗin. Aka ba kowa kabad, muka sa kwadon da muka zo da shi. Fasfo da kuɗi kuwa a jikinmu suke kwana.

Abin da ya fi kyau a irin wannan masauki shi ne madafa. Akwai tukwane da murhu, kowa ya dafa nasa. Muka sayi shinkafa da tumatir da albasa da cinyoyin kaza a kanti mai rahusa, uwargida ta ɗora dafa-duka. Kafin ta sauke, ƙanshi ya tara mutane. Wani saurayi daga Koriya, da 'yan mata biyu daga Birazil, da wani dattijo Baholande mai tafiya a kan keke, duk muka ce bismilla. Dattijon ya zuba yaji kamar gishiri, hawaye ya zubo masa, ya ƙara cokali. Shi ne ya koya mana kada mu jefar da gorar roba ko gwangwanin lemo, gama in ka mayar kanti akan ba ka santi 25. Ya kuma ce ruwan famfo mai kyau ne, mu daina sayen na gora.

Ranar da za mu bar Kolon muka kusa yin asara. Wani farin jirgi mai jan layi ya tsaya, an rubuta Koblenz a allo, maigida ya sa ƙafa. Wata tsohuwa da ta ga jakunkunanmu ta tambayi irin tikitinmu, ta girgiza kai, ta ja hannun rigarsa. Ashe irin manyan jiragen nan ne. Da mun shiga, tarar mutum ɗaya ba ta kasa yuro 60 ba. Gaskiyar masu iya magana, baƙo ko da ido makaho ne.

KOBLENZ

A Koblenz kogin Mosel yake zubowa cikin Rayin. Masaukin matasa yana cikin wani tsohon barikin soja mai ganuwa a kan dutse, mita 118 bisa kogin. Daga can muka ga ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraya. Maigida ya yi ta ɗaukar hoto. Uwargida ba ta ce kome ba. Ya ɗauka gajiya ce. Da dare ya rubuta a littafinsa cewa mun rage yuro bakwai a kan abin da aka ware wa ranar, ya yi murna. Muka sake yin sallama a bakin matakala, dare na huɗu ke nan.

MATAKALAR BACHARACH

Daga Koblenz zuwa Bingen, wajen kilomita 65, kogin yana ratsa tsakanin duwatsu. Jirgin ƙasa yana bin gaɓarsa. Gonakin inabi sun hau gangare kamar an jingina su, kusan kowane tsauni kuma da tsohuwar fadarsa. A 2002 aka sa wannan kwari cikin wuraren tarihi na duniya.

Da yammacin Asabar muka sauka a Bacharach. Masaukin yana cikin fadar Stahleck, can bisa kan garin. Hanyar ƙafa matakala ce ta dutse, tana bi ta gefen kangon wata tsohuwar majami'a. Maigida ya wuce gaba yana ƙirga matakai. Da ya waiwaya, sai ya ga uwargida ta sauke jaka ta zauna.

Ya komo ya ce, “Kawo jakar in ɗaukar miki.”

Ta ce, “Ba jakar ba ce. Maigida, in faɗi magana?”

Ya ce, “Faɗi mana.”

Ta ce, “Wata shida ina kwana ni da yara. Na bar su, na ƙetare hamada da teku na zo wurin mijina. Yau kwana huɗu ina kwana da matan da ban san sunansu ba, ba na jin harshensu. Ina kwance ido biyu har asuba. In don in ga duwatsu ne, akwai duwatsu a garinmu.”

Maigida ya fito da littafinsa, ya ce, “Ai don kuɗin su kai mu ne.”

Ta ce, “Su kai mu ina?”

Bai sami amsa ba. Ya zauna a matakalar da ke ƙasa da tata. Wasu 'yan makaranta suka zo wucewa, muka matsa musu. Muka daɗe ba mai magana.

Yanzu da muke rubutu, kowa ya ga nasa laifin. Maigida ya mai da tsimi shi ne tafiyar, ya manta dalilin da ya sa aka fito. Kowane dare yana tambayar littafi ko an ci riba, bai tambayi matarsa ko ta yi barci ba. Uwargida kuma ta yi shiru kwana huɗu, tana ganin shi ya sha wahalar tara kuɗin, ba ta da bakin magana a kansu. Ta jira ya gane da kansa, har zuciya ta cika. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Ya roƙe ta gafara, ita ma ta roƙe shi. Sa'an nan ya miƙa mata littafin da jakar kuɗin ya ce, “Daga yau ke ce ma'aji.”

A kan matakalar nan muka sake lissafi. Akwai kuɗin da aka ware don yawo a jirgin ruwa na masu shaƙatawa, da wanda maigida ya keɓe zai sayi takalmi. Ta soke duka biyu. Da muka isa sama muka tambaya ko akwai ɗakin mutum biyu. Mai karɓar baƙi ya duba ya ce wani iyali sun fasa zuwa, akwai ɗaya. Ɗan ƙarami ne, gado mai hawa biyu, da taga mai kallon kogi. Muka yi ta hira har aka kaɗa ƙarfe goma sha biyu a garin. Uwargida ba ta farka ba sai da rana ta fito.

RANAR LAHADI

Da safe muka karanta tarihin gidan. An gina shi tun wajen ƙarni na 12, sojojin Faransa suka rushe shi a 1689, aka sake gina shi masaukin matasa, aka buɗe a 1926. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tsare matasa a ciki, har da 'yan makaranta daga Luksambok. Yau kuwa yara ne suke guje-guje a filinsa.

Muka gangara majami'ar Bitrus da ke tsakiyar gari domin sujada. Mutane kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi. Ba mu ji wa'azin ba, amma mun gane muryar waƙa ɗaya, muka bi da Hausa a hankali. Bayan an tashi wata tsohuwa ta riƙe hannun uwargida da hannu biyu, ta yi ta magana, ita ma tana amsa mata da Hausa.

Mun manta cewa a Jamus ba a buɗe kantuna ranar Lahadi, ba mu kuwa yi cefane ran Asabar ba. Abincin ranarmu ƙuli-ƙuli ne da tuffa biyu da ruwan famfo. Muka bi bakin kogi da ƙafa wajen kilomita uku, har muka tsaya daura da garin Kaub. A tsakiyar ruwa akwai wata farar fada mai siffar jirgi, wadda aka fara ginawa wajen 1326 domin karɓar kuɗi daga kowane jirgin da zai wuce, kamar yadda fatake suke biyan kuɗin fito a da. Daga Koblenz har Mainz babu gada a kan kogin, sai jirgin fito. Muka biya 'yan kuɗi kaɗan muka haye, muka komo. Yawon jirgin ruwanmu ke nan, ya kuwa ishe mu.

MAINZ

Kwana biyu na ƙarshe a Mainz muka yi, a ɗakin mutum biyu kuma. Nan ne garin Gutenberg, wanda ya ƙago buga littafi da haruffan ƙarfe a Turai. Wajen 1455 ya gama buga Littafi Mai Tsarki da Latin, kimanin guda 180, waɗanda 49 suka rage har yau. A gidan tarihinsa aka shigar da mu wani ɗaki mai duhu muka ga biyu a cikin gilashi. Muka tuna cewa sai a 1932 aka buga cikakkensa da Hausa. Uwargida ta biya kuɗin shiga ba ta ko duba littafin lissafi ba. Ta ce irin wannan ne aka tara kuɗin dominsa.

Ga yadda yuro 900 suka tafi: tikiti 98, kwana takwas da karin kumallo a yawancinsu 535, cefane da abinci 170, katin ƙungiya da kuɗin shiga wurare da fito 86. Saura 11, muka sayo wa yara cakulan.

GA MA'AURATA MASU NIYYA

In kuna da niyyar irin wannan tafiya, ko a Turai ko a wani wuri, ga abin da muka koyo.

Ku rage kaya. Abin da ba za ka iya hawa bene huɗu da shi ba, ka bar shi a gida. Ku tafi da kwado, da tawul, da silifa na wanka, da auduga ta toshe kunne saboda masu minshari.

Ku kama gado tun da wuri, ku kuma tambayi irin ɗakin kafin ku biya: na maza ne, na mata ne, ko haɗe. Sau da yawa bambancin gado biyu a ɗakin taro da ɗakin mutum biyu ba shi da yawa.

Ku ci karin kumallo sosai, ku dafa na dare inda akwai madafa, ku dafa da ɗan yawa domin wanda zai zauna kusa da ku. Ku yi cefanen Lahadi tun ran Asabar.

Mafi muhimmanci, tun kafin ku ɗaura jaka ku zauna ku tambayi juna abin da kowa yake nema a tafiyar. Ku raba kuɗin bisa ga amsar, ku biyu, littafi a buɗe. Wanda abu ya dame shi ya faɗa tun daren farko.

Littafin lissafin yana nan a gidanmu. Shafi huɗu na fari da hannun maigida, sauran da hannun uwargida. Yanzu a cikinsa muke rubuta kuɗin makaranta da na hatsi, mu biyu a zaune, kowane ƙarshen wata. Allah ya kiyaye hanya.